Baƙon da Takalminsa Ya Tsinke a Iskandariya

A wannan watan mun ɗan kauce daga labaran unguwa da na kasuwa da kuka saba gani a shafin nan. Za mu ba ku labarin wani mutum da ya bar duniya shekara kusan 2,000 da suka wuce, wanda ba mu haɗa addini da shi ba, ba mu haɗa yare ba. Wanda ya ga abin bai dace ba, muna roƙonsa ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke hukunci. Mu ma ba a makaranta muka koyi labarin ba. A bakin rumfar dukanci muka fara jin sa muna yara, ba mu kuwa gane inda ya dosa ba sai da muka binne mahaifiyarmu a wata ƙasa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, baduku ne a babbar kasuwar Omdurman. Markub yake ɗinkawa, kuma duk takalmin da aka kawo masa gyara ba ya mayarwa. Daura da rumfarsa akwai wani Bakibɗe mai gyaran agogo, mutumin unguwar Masalma, wanda muka tashi muna ce wa Ammu. Kullum da hantsi tare suke shan shayi. Idan Ammu ya iso sai ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Sannu da aiki, jikan Anyanus." Baba kuma ya ce, "Yauwa, mai agogo. Kakan nan nawa dai har yau ban ga gadon da ya bar mini ba." Su bushe da dariya. Mun daɗe muna zaton wasa ne kawai irin na maƙwabtan kasuwa, sai ranar da ƙaraminmu ya yi ta maza ya ce, "Ammu, wai wane ne Anyanus ɗin nan?" Ya ajiye kofin shayi, ya ce mu zauna.

Ya ce a zamanin da Rumawa ke mulkin Masar, wani baƙo ya shigo birnin Iskandariya, ya sha yawo har maɗaurin takalminsa ya tsinke. Bai san kowa a garin ba. Ya hangi wani baduku a bakin hanya, ya miƙa masa takalmin. Badukun na cikin ɗinki sai basilla ta kuɓuce ta soke shi a hannu, don zafi ya ambaci Allah ɗaya, alhali kuwa garin cike yake da gumaka. Da baƙon ya ji haka sai ya ɗebi ƙasa ya kwaɓa da yawu, ya shafa masa, ya yi addu'a, hannu ya warke. Badukun ya ce ai yau ba inda za ka kwana sai gidana, ya kai shi, ya ba shi abinci da shimfiɗa. Sunan badukun Anyanus. Baƙon kuwa shi ne Markus, wanda Kibɗawa ke kira Mari Murƙus, mutumin da suka ce shi ya fara kai addinin Kirista ƙasar Masar. Anyanus da iyalinsa su ne farkon waɗanda suka bi shi, shi ne kuma Markus ya naɗa ya gaje shi wajen shugabancin jama'ar.

"Kun gani," in ji Ammu, "tun daga ranar ake lissafa shugabannin cocinmu. Markus ne na 1, baduku ne na 2." A lokacin da yake ba mu labarin Baba Shanuda ne a kan kujera, shi ne na 117. Ya rasu a 2012, Baba Tawadros ya hau, na 118. Haka Kibɗawa ke kiran shugaban nasu, Baba, kujerar kuwa har yau kujerar Markus ake ce mata. Mu yara abin da ya burge mu shi ne a ce mai sana'ar mahaifinmu, mai warin jima a hannu, sunansa na gaba da na malamai sama da 100.

To, a nan ya kamata mu yi ɗan bayani don kada a yi mana wata fahimta. Kiristoci suna ce wa Markus manzo, amma ba manzanci irin na annabawa da muka sani suke nufi ba, almajirin da aka aika wa'azi suke nufi. Ba ya cikin almajirai 12 na Annabi Isa, alaihis salam, waɗanda muka sani da Hawariyawa. Kibɗawa suna lissafa shi cikin wasu 70 da aka aika bayan su, suna kuma ɗaukar sa waliyyi kuma shahidi. Shi ake danganta wa ɗaya daga cikin littattafai 4 da Kiristoci ke kira Linjila, wanda ya fi sauran gajarta, babi 16 ne kacal, kuma yawancin masana sun ce shi aka fara rubutawa, da harshen Girka, wajen shekara ta 70 miladiyya. Wani malamin Kirista na farkon ƙarni na 2, mai suna Babiyas, ya ce Markus tafintan Bitrus ne, babban almajiran, kuma abin da ya ji daga bakin Bitrus shi ya rubuta. Game da abin da littafin ya ce a kan Annabi Isa, akwai inda muka saɓa da su, su sun sani, mu ma mun sani. Baba da Ammu sun yi shekara da shekaru suna shan shayi tare, ba su taɓa ɓoye wa juna wannan ba, ba su kuma taɓa ɓatawa a kansa ba.

Baba ya rasu shekaru kafin yaƙi, aka binne shi a maƙabartar Ahmad Sharfi. Ammu ya raka mu har can, ya tsaya gefe yana share hawaye. Babbanmu ya gaji rumfa, Ammu ya ci gaba da zuwa da hantsi, gaisuwar jikan Anyanus ta koma kan Yaya.

Sai ga ranar 15 ga Afrilu 2023. Ba sai mun gaya muku abin da ya faru ba, kowa da nasa labarin. Mun yi makonni muna cewa gobe za a daina. Inna tana da ciwon sukari, allurarta sai da sanyi, ga shi ba wuta, ba ruwa a famfo. Ammu kuwa tuni 'yarsa da ke aure a unguwar Shubra ta Alƙahira ta aiko aka tafi da shi. Duk ranar da waya ta shiga sai ya ce, "Ku kawo Hajja, kada ku jira." Daga ƙarshe muka kulle gida, muka shiga motar arewa, muka bi ta Dongola. Mata da yara suka ƙetare da Inna bayan kwanaki a bakin iyaka, mazanmu suka zauna Wadi Halfa jiran biza har suka gaji da ƙirga kwana. Da muka haɗu a Aswan muka hau jirgin ƙasa. A tashar Ramsis wa za mu gani in ba Ammu ba, tsoho da sandarsa, ya fi awa uku a tsaye. Shi ya samo mana ɗaki biyu a unguwar Faisal, shi ya tsaya mana a wurin mai gida. Muka ce, "Ammu, da me za mu saka maka?" Ya ce, "Ku bari, 'ya'yana. Bashin Anyanus nake biya."

Mun tsira, amma hankalinmu bai kwanta ba, musamman Yaya. Labari na zuwa cewa samarin unguwarmu da suka tsaya su ne ke dafa wa jama'a abinci a takiyya, su ne ke haƙa kabari, su ne ke kai masu rauni asibiti a kan amalanke. Mu kuwa ga mu nan a ƙasar mutane muna cin burodi. Yaya ya daina fita, ya daina magana, in an matsa masa sai ya ce, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Wata rana Ammu ya zo ya tarar da shi haka, ya zauna a bakin katifa ya ce, "Ɗana, na taɓa gaya muku cewa Markus ma ya taɓa gudu?"

Ya ce asalin sunansa Yohanna, wato Yahaya, Markus suna ne irin na Rumawa da ya bi shi. A faɗar Kibɗawa an haife shi a Kurane, wadda kangonta ke kusa da garin Shahat a gabashin Libiya ta yau. Iyayensa Yahudawa ne, hare-hare suka kore su suka koma Ƙudus, ka ga ke nan tun yana yaro ya san hijira. A littafin Kiristoci mai suna Ayyukan Manzanni an ambaci gidan mahaifiyarsa Maryamu a Ƙudus, inda mabiya ke taruwa, can ne ma Bitrus ya nufa a daren da ya fita daga kurkuku. Da ɗan'uwansa Barnaba da Bulus za su tafi wa'azi daga Antakiya, sai suka ɗauke shi yana yi musu hidima. Suka ratsa tsibirin Kubrus, suka ƙetare teku suka sauka Ferga, kusa da Antaliya a kudancin Turkiyya ta yau. A nan Markus ya rabu da su, ya juya ya koma Ƙudus. Littafin bai faɗi dalili ba, amma ya faɗi abin da ya biyo baya. Da za a sake fita, Barnaba ya ce a tafi da shi, Bulus ya ce atafau ba zai tafi da wanda ya bar su a tsakiyar aiki ba. Gardama ta yi zafi har manyan nan biyu suka raba hanya, Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus.

"Da labarin a nan ya tsaya," in ji Ammu, "da yau ba wanda ya san shi sai a matsayin yaron da ya raba abokai." Amma bayan shekaru, a wasiƙun da ake danganta wa Bulus yana tsare, ya sa sunan Markus cikin abokan aikinsa, har ya nemi a zo masa da shi don yana da amfani a gare shi. Bitrus kuma a tasa wasiƙar ɗansa ya kira shi. Ammu ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Wanda ya juya a Ferga shi ne ya tsaya a Iskandariya. Ba a yi wa mutum hisabi tafiya ba ta ƙare ba. Tashi ka nemi basilla." Bayan kwana biyu Yaya ya sayi zare da basilla da gam, ya shimfiɗa buhu a bakin titi yana gyaran takalma. Abin da ya samu kashi biyu yake yi, ɗaya na gida, ɗaya ya aika wa samarin takiyya.

Inna ba ta taɓa sabawa da Alƙahira ba. Kakanninta daga ƙasar Kano suka taso a ƙasa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya cirar auduga a Jazira, zama ya miƙe. Takan ce, "Kakar kakata tana Kano, uwata tana Madani, kowa an yar da shi a hanya. Ni dai ku yi mini alkawari, kusa da mahaifinku za ku sa ni." Muka yi mata alkawari, don a lokacin wa zai ce ba zai yiwu ba? Sai ga shi cikin sanyin shekara ta biyu Allah ya karɓi abinsa. Ba hanya, ba kuɗi, kuma addini bai yarda a ajiye gawa ana jiran hanya ba. Muka yi mata sutura, muka kai ta wata maƙabarta a bakin hamada wajen birnin 6 Oktoba, cikin mutanen da ba ta san ko ɗaya ba. Muka dawo gida ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Rashin uwa daban, saɓa mata alkawari daban.

Bayan sadakar arba'in Ammu ya zo ya ce, "Ku shirya, zan kai ku wani wuri. Ba ibada za ku yi ba, ido kawai nake so ku ba ni." Ya kai mu unguwar Abbasiyya, babban cocin Markus, inda kujerar Baban Kibɗawa take. Tun daga bakin ƙofa bincike ne mai tsanani, kuma da dalili. Ranar 11 ga Disamba 2016 an tayar da bam a cocin Butrusiyya da ke manne da wurin, mutum 29 suka mutu, yawancinsu mata. Ranar 9 ga Afrilu 2017 kuma aka kai hari coci biyu, ɗaya a Tanta, ɗaya cocin Markus na Iskandariya, mutum fiye da 40 suka mutu. A Iskandariya a bakin ƙofa aka tare maharin, Baba Tawadros na ciki, kuma cikin waɗanda suka rasu har da 'yan sanda Musulmi, maza da mata, masu gadin wurin. Ammu ya nuna ɗan gicciyen da Kibɗawa ke yi wa kansu a wuyan hannu, mu muka nuna takardunmu. Mai gadi ya dube mu ya dube shi, Ammu ya ce, "'Ya'yan ɗan'uwana ne." Aka ba mu hanya.

Muka sauka wani ɗaki a ƙarƙashin cocin, inda hubbaren yake. A bakin ƙofa kowa cire takalmi yake yi, ga su nan jere, na attajiri da na talaka. Yaya, da yake mai hali ba ya fasa halinsa, ya tsaya yana duba waɗanda suka ci ƙasa. A ciki ƙamshin turare, mutane na shafa hubbaren suna shafawa a fuska, wasu na sumbata, wasu na rubuta bukatunsu a 'yar takarda su ajiye. Wata mata ta ɗaga jaririnta ta jingina shi da wurin tana motsa baki. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙubbar Shehu Hamad al-Nil a Omdurman ba zai ga abin baƙo ba. Mun san a cikinmu akwai masu ziyara, akwai masu hani, ba kuma wannan ce maganarmu ta yau ba. Mu dai muka ja gefe muka tsaya da ladabi, kamar yadda Ammu ya tsaya a jana'izar Baba.

Da ya gama addu'arsa ya zo ya ce a hankali, "Kun san abin da ke cikin nan? Ɗan guntun ƙashi ne, ba gawa ba." Sannan ya ba mu ƙarshen labarin, wanda bai ba mu muna yara ba.

Ya ce mabiyan Markus sun yi yawa a Iskandariya har suka gina wurin ibada a wata unguwa a bakin teku. A shekara ta 68, zamanin sarkin Rum Nero, babban idin Kiristoci ya faɗo rana ɗaya da bikin wani gunki mai suna Sarabis. Masu bikin suka afka wurin ibadar, suka kama Markus, suka ɗaura masa igiya a wuya, suka yi ta jan sa a titunan birni har yamma. Ya kwana a kurkuku, da safe suka sake ja har rai ya yi halinsa. Suka so ƙona gawar, sai hadari ya taso da iska da ruwa, taro ya watse, mabiyansa suka ɗauka suka binne. Wannan ita ce ruwayar Kibɗawa, kuma suna tuna ranar a 30 ga watansu na Baramuda, wadda ke faɗawa 8 ga Mayu. Katolika kuwa 25 ga Afrilu suke yi.

Gawar ta zauna a Iskandariya ɗaruruwan shekaru. Musulunci ya shigo Masar ya same ta a nan ya bar ta. Amru ɗan Asi ma shi ya ba Baba Binyamin, na 38, amana ya fito daga ɓuyan shekara 13 da ya yi saboda Rumawa, ya koma kan kujerarsa. Sai a shekara ta 828, zamanin Abbasiyawa, wasu fatake biyu suka zo daga birnin Fenis na Italiya, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya. Suka ɗauke gawar a ɓoye, suka sa cikin kwando, suka rufe da naman alade. Da ma'aikatan kwastan, waɗanda Musulmi ne, suka buɗe suka ga abin da ke sama, sai suka toshe hanci suka ce a wuce. Duk da baƙin cikin da muke ciki sai da muka murmusa, ƙaraminmu ya ce, "Ashe tun da can an san lagonmu." Mutanen Bunduƙiyya suka gina masa ƙasaitaccen coci, ginin da ke tsaye yanzu an fara shi a 1063, aka keɓe shi a 1094. Suka ɗauki alamarsa, zaki mai fukafukai, ta zama tambarin birninsu. Labarin kwandon ma ba su ɓoye ba, yana nan zane a gaban cocin. Kibɗawa kuwa sun ce kan bai tafi ba, yana nan a cocinsa na Iskandariya.

Sai a 1968, da aka cika shekara 1,900 da rasuwarsa, Baba Kirillos na 6 ya nemi a dawo musu da wani abu. Ranar 22 ga Yuni Fafaroma Paul na 6 ya miƙa wa wakilan Kibɗawa guntun ƙashin a Rum, ranar 24 jirgi ya sauka da shi a Alƙahira. Washegari aka buɗe wannan cocin na Abbasiyya, wanda Shugaba Jamal Abdul Nasir ya aza harsashinsa a 1965, shi da Sarkin Habasha Haile Selassie suna wurin. Ranar 26 aka sa ƙashin inda muke tsaye. Ammu ya ce yana saurayi a lokacin, a rediyo suka ji a Omdurman, mahaifiyarsa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito tambayar ko haihuwa aka yi.

Daga nan ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "An haife shi a Libiya, ya girma a Ƙudus, ya mutu a Masar. Jikinsa na Italiya, kansa na Iskandariya, guntun ƙashinsa na nan. To, ku gaya mini, ɗan wane gari ne?" Muka yi shiru. Ya ce, "Mu dai namu ne. Shekara 1,140 muka yi gawar tana hannun wasu, ba ranar da muka daina kiran sunansa, ba ranar da ya daina zama ubanmu. Hajja taku ce a Oktoba kamar yadda za ta zama taku a Ahmad Sharfi. Ba ku yar da ita ba. Ranar da kuka daina yi mata addu'a, ranar kuka yar da ita." Nan Yaya ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Jama'a, ba wani sabon abu Ammu ya gaya mana ba. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa ba wanda ya san ƙasar da za ta karɓe shi. Abu Ayyuba al-Ansari mutumin Madina ne, kabarinsa na Istambul. Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ƙaraso bakin Shuɗin Nilu ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Duk mun san wannan. Amma wani lokaci abin da ka sani sai ka ji shi daga bakin wani kafin ya shiga zuciya.

Akwai kuma abin da ya sa muka ga labarin nan ya dace da wannan shafi. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mu nan an haifi kakanninmu, nan aka binne su, amma har yau akwai mai ce mana baƙi, kuma abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022 ya nuna mana cewa kalmar nan tana iya cin rai. Mutanen Ammu ma ba su tsira ba, sun sha jin ana tambayar su yaushe za su koma Masar, alhali Dongola da muka ratsa da Soba da ke gefen Khartum sun yi ɗaruruwan shekaru suna karɓar manyan limamansu daga kujerar Markus. Shi Markus ɗin bai zo Iskandariya da takardar zama ɗan ƙasa ba, da tsinkakken takalmi ya zo. Abin da ya mai da shi uban gari abu biyu ne, wani talaka ya buɗe masa ƙofa, shi kuma ya zauna da mutanen har ya ba da ransa a cikinsu. Yau garuruwanmu cike suke da waɗanda yaƙi ya koro, wasu ba yarenmu ba, wasu ba addininmu ba. Duk wanda ya tsaya a ƙofarka da ƙura a ƙafa, ba ka san ko wane ne Allah ya aiko maka ba. Baba bai taɓa tambayar mai takalmi asalinsa ba kafin ya karɓa.

A 2025, da hanyar Khartum ta buɗe, wasunmu suka dawo, ko da yake a lokacin ba a daina yaƙi a wasu sassan ƙasar ba. Muka tarar da rumfa ta ƙone, ta Ammu ma haka. Yaya ya tona toka ya sami basillar Baba, ƙotar ta cinye, ƙarfen na nan. Ya yi mata sabuwar ƙota, da ita yake aiki. Muka je Ahmad Sharfi muka yi wa Baba addu'a, muka haɗa da Inna, muka roƙi Allah ya haɗa su inda ba a rabuwa.

Ammu bai dawo ba, ƙafa ta ƙi. Ranar da muka je sallama ya ce ya san a Masar za a binne shi, matarsa kuwa tana maƙabartar Kiristoci a Omdurman. Ya ce, "To, mu yi musaya. Ku riƙa duba mini tawa, jikana zai riƙa duba muku taku." Haka kuwa ake yi. Mukan je mu share kabarin matarsa, mu cire ciyawa, mu aika masa hoto. Jikansa kuma yakan shiga mota har Oktoba, ya yayyafa ruwa, ya ba mai gadi ɗan abin shayi, ya aiko mana da namu hoton. In waya ta shiga, kafin komai sai mun ji muryar tsohon nan tana rawa yana cewa, "Ina jikan Anyanus? A ba shi."

Allah ya jiƙan iyayenmu duk inda suke kwance, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, ya sa mu zama masu buɗe ƙofa. Amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.